Bayani a Kan Tsohon Injin da Ke Mutuwa Idan An Sassauta Masa Wuta

Duk wanda ya san ƙasar Mayahi ya san ba a tuƙa kwalekwale a cikinta, domin Gulbin Kaba, wanda ya ratso ta ya nufi yamma, ya daɗe da barin gudana irin ta koguna, sai rairayi da itatuwan goriba da ruwan da ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Amma duk da haka, akwai wata cuta da masunta na Tafkin Cadi da matuƙa jiragen ruwa na Gaya da Yawuri suke kuka da ita a kan injunan da suke ɗaurawa a bayan jiragensu, wadda ita ce dai take damun mai lambu a bakin tabki a ƙasar Tasawa, da mai janareta a kasuwar Mayahi, da ɗan kabu-kabu a kan hanyar Kanambakace. Cutar kuwa ita ce, inji ya tashi lafiya, ya yi ta ruri muddin ana ba shi wuta, amma da zarar an sassauta masa, an bar shi a kan ƙaramin gudun nan da makanikanmu suke kira ralanti, na Kano da Katsina kuma suke kira silo, sai ya yi tari, ya girgiza, ya mutu. Da yake samarinmu da yawa suna tafiya cin rani har bakin manyan ruwaye, wasu ma su zama yaran jirgi a can, na ga ya dace a haɗa bayanin injin jirgi da na tudu wuri guda, tun da asalinsu ɗaya ne, illarsu kuma ɗaya.

Hikimar ɗaga ruwa da na'ura tsohuwa ce a wurin Musulmi, gama Malam Isma'ilu al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima, ya siffanta famfo mai tsotso ruwa da fistan biyu a cikin littafin da ya kammala a shekarar 1206. Sai dai nasa ƙarfin ruwa ne yake juya shi. Injin da ke cin mai kuwa ya zo daga baya ƙwarai: Nikolaus Otto na Jamus ya fito da inji mai bugu huɗu a 1876, wanda shi ne kakan injin ban ruwa da janareta na yau, sa'an nan Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka, ya fara sayar da injin bayan jirgi a Milwaukee wajen 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya shiga wannan sana'a a 1960, kuma injunansa masu bugu biyu, musamman masu ƙarfin doki 15 da 25 da 40, su ne suka cika ruwayen Afirka ta Yamma. Injunan ban ruwa na lambunanmu kuma galibinsu ko dai Honda ne, ko kwaikwayonsa da ake ƙerowa a ƙasar Sin.

To, kowane ɗaya daga cikin waɗannan injuna yana tsaye ne a kan rukunai huɗu, waɗanda in ɗaya ya faɗi aikin ya ɓaci, wato mai, da iska, da wuta, da matsi. Mai da iska suna haɗuwa a cikin kafireta bisa wani mizani da ba ya son a karkata shi, kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na fetur in an auna da nauyi. Fistan ya matse wannan haɗi, buji, wanda wasu ke kira fulogi, ya kyasta masa wuta a daidai lokacinta, ƙarfin fashewar ya tura fistan, tafiya ta samu. Abin da ya kamata mai karatu ya yi la'akari da shi a nan, wanda kuma shi ne mabuɗin mas'alar baki ɗaya, shi ne cewa injin da ke gudu da ƙarfi yana iya ɓoye aibinsa, saboda saurin juyawarsa yana ɗauke shi ya ƙetare bugun da ya kuskure, alhali kuwa a kan ralanti, inda injin ban ruwa yake juyawa kamar sau 1,400 a minti maimakon 3,600, ba shi da rarar ƙarfin da zai rufa wa kansa asiri. Saboda haka mutuwar inji a kan ralanti alama ce ta farko da rauni yake bayyana da ita, kuma mai hankali yakan yi farin ciki da ya gan ta da wuri, kamar yadda likita yake son a kawo masa majinyaci tun ciwo bai kwantar da shi ba.

Sai dai abin baƙin ciki, maganin da aka fi yi shi ne wanda ya fi kowanne cutarwa. Akwai wata ƴar ƙusa a jikin kafireta mai ɗaga gudun ralanti, mutum ya sa sukundireba ya murɗa ta har inji ya daina mutuwa, ya tashi yana murna ya gyara. Wani kuma ya bar cok, wato faifan da ke rage iskar da inji yake shaƙa, a rabin rufe yini guda. Haƙiƙa ba abin da aka gyara. Mai ya ci gaba da ƙonewa fiye da ƙima a zamanin da kuɗin lita ɗaya yake da nauyi a aljihun talaka, ciwon yana nan yana girma a ɓoye, a jirgin ruwa kuma, ralantin da ya yi yawa yana sa haƙoran giya su riƙa karo da ƙarfi duk lokacin da aka sa ta, har wata rana su ƙi kamawa a tsakiyar ruwa. Wannan almubazzaranci ne da dukiya, kuma a ganina wajibi ne duk makanikin da ya san amanar sana'arsa ya daina sallamar mutane da shi.

Tartibin da ya dace shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a gangara zuwa mai tsada, kuma farkon abin tuhuma a ƙasarmu shi ne man kansa. Ko da yake matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki tun ƙarshen 2011, mutanen ƙauyuka da yawa a jihar Maraɗi sun saba sayen fetur na kwalba a bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, kuma janye tallafin mai da Najeriya ta yi a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sauya farashi amma bai kawar da kwalba da jarka ba. Ba ina zargin masu wannan sana'a a jumlace ba ne, da yawansu mutanen kirki ne masu neman halali. Amma man da ya bi ta ganga da jarka da mazurari da kwalba, a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara da ke wuce digiri 40, da wuya ya iso tanki ba tare da rairayi ko tsatsa ko ɗigon ruwa ba, balle in wani marar tsoron Allah ya sirka shi da kananzir. Gwajinsa mai sauƙi ne. A kwance ƙusar da ke gindin ƙoƙon kafireta, a tari man da ya zubo a cikin farar kwalba mai tsabta, a ajiye ta a inuwa kaɗan, a ɗaga ta a duba: in akwai ruwa za a gan shi ya kwanta a ƙasa, dunƙule-dunƙule, da iyaka bayyananna tsakaninsa da mai, domin ya fi fetur nauyi, in kuwa man ya yi ja-ja yana warin tsohon fenti, to, ya kwana da yawa, ƙarfinsa ya tashi ya bar danƙo. Irin wannan sai a juye shi, a wanke tanki, a tace sabo da ƙyalle mai tsabta.

Daga nan sai murfin tanki, wanda mutane kaɗan ne suke tunawa da shi. Akwai ƴar kafa a jikinsa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita, in ta toshe sai inji ya yi aiki minti biyar ko goma ya mutu, a huta kaɗan ya sake tashi, ya sake mutuwa, har mai shi ya fara zaton sammu ne. In aka sassauta murfin aka ji iska ta shige da ɗan huci, inji kuma ya daidaita, an gano ɓarawon. A tankin jirgin ruwa wannan kafa tana da ƴar ƙusa ta musamman a saman murfi, wadda ake rufewa lokacin ɗauka, yaro ya manta bai buɗe ba.

Yanzu mun iso ga inda mafi yawan laifi yake, wato cikin kafireta, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ɗan tafsili, domin wanda ya fahimci wannan wuri ya fahimci rabin aikin. Kafireta tana da hanyoyin mai guda biyu. Babbar hanya tana aiki ne idan an buɗe wuta, iska tana kwarara da ƙarfi ta maƙogwaro tana fizgo mai. Amma idan aka sassauta, faifan da ke cikin maƙogwaron ya kusan rufewa, iskar ta yi rauni ba ta iya fizgo komai daga babbar hanya, sai inji ya dogara kacokan a kan wata ƙaramar hanya ta gefe, wadda take da ɗan bututun tagulla, jiklar na ralanti, mai kafar da ba ta kai rabin milimita ba. Ƙwayar rairayi guda, ko danƙon man da ya bushe lokacin da aka jingine inji duk tsawon damina, ya isa ya toshe ta. Alamarta kuwa ba ta ɓuya: inji ba ya zama a kan ralanti sai an ja cok, ko kuma a ji janareta yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, alhali ba a ɗora masa kaya ba. Ma'anar wannan ita ce mai ya yi kaɗan, iska ta rinjaye shi.

Wanda ya zauna a rumfar ƙwararren makaniki zai ga yadda ake yi. Yakan shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tire, ya kwance ƙoƙon, ya jera ƙusoshi bi da bi yadda ya ciro su, ya zaro ɗan bututun nan da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya yana neman hasken rana ta cikinsa. In bai ga haske ba sai ya jiƙa shi a fetur, ya tsinko sili guda daga cikin wayar lantarki mai laushi ya zura a hankali, ya hura, ya sake dubawa. Dattijon da ya kawo injin yakan ƙosa ya ce, "Ɗana, sa masa allura mana ka faɗaɗa shi, mu huta da toshewa." Shi kuwa sai ya ce, "A'a Baba, in na faɗaɗa shi yau, gobe man da kake sha a kwana uku a kwana biyu zai ƙare, kuma ba a mayar da kafa in ta buɗe." Gaskiya ce ya faɗa, domin an auna faɗin kafar nan tun daga masana'anta, allurar ƙarfe kuwa ta fi tagulla tauri, tana cin ta.

Akwai kuma kishiyar wannan hali, inda mai ne yake rinjayar iska. A nan za a ga baƙin hayaƙi daga salansa, a ji warin ɗanyen fetur, inji ya riƙa nauyi yana shaƙewa har ya mutu. Sababinsa na farko a ƙasa mai ƙura irin tamu shi ne soson tace iska da ya cika da turɓaya, wanda wankinsa da ruwa da sabulu, da shanya shi ya bushe sarai, da shafa masa ɗan baƙin mai a matse, bai fi aikin rabin sa'a ba. Masu cire shi su yar don inji ya sami numfashi suna sayen sauƙin yini ɗaya da ran injin gaba ɗaya, gama ƙurar da ta shiga ita ce take goge ringi da bangon silinda. Sababi na biyu shi ne allurar da ke tsayar da mai idan ƙoƙo ya cika. In bakinta ya cinye ko datti ya tokare ta, mai ya yi ta ambaliya, wani lokaci har a gan shi yana ɗiga a ƙasa.

Buji shi ne shaidan da ba ya ƙarya a kan abin da ke faruwa a ciki. A kwance shi a dubi bakinsa: in launin ƙasa-ƙasa ne mai haske, haɗin mai da iska yana kan daidai, in baƙi ne mai gari kamar kunkunniya, mai ya yi yawa, in fari ne fat kamar an ƙona shi, mai ya yi kaɗan, inji kuma yana zafi fiye da ƙima, in kuwa jiƙe yake da baƙin mai a inji mai bugu huɗu, to, labarin ya kai ga ringi. Tazarar bakinsa a irin injunan ban ruwan nan tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Domin gwada wuta, a maƙala shi a wayarsa, a jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da inda fetur ya zuba, a ja igiya: ana son a ga tartsatsi shuɗi mai ƙara, ja mai rauni kuwa alamar kwayil ne da ya gaji, kuma irin wannan kwayil yakan ba da wuta da sanyi ya ɗauke idan ya yi zafi. A nan ne ya kamata a ambaci wata ƴar na'ura da ke cikin injuna da yawa na Honda da makamantansu, wadda take yanke wuta da kanta idan baƙin mai ya ragu ko an ajiye inji a karkace a gangaren rijiya. Sau da yawa sai a cire wayarta a ce ita ce take kashe inji, alhali ita gargaɗi take yi. Cikin injin bai fi ɗaukar kimanin rabin lita da ɗan ɗori ba, kuma cika shi ya fi sayen sabon ƙarfen ciki araha nesa ba kusa ba.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, saura iskar sata da matsi. Iskar sata ita ce mai shiga ta tsagewar takardar da ke tsakanin kafireta da jikin inji, ba ta biyo ta hanyar da za a auna ta ba, kuma tana ba da alamu irin na toshewar jiklar. Matsi kuwa yana raguwa ne in ringi ya cinye, ko bawul ya daina zama daidai a mazauninsa. A injin ban ruwa tazarar bawul wajen milimita 0.15 ce a na shiga da 0.20 a na fita, ana aunawa inji yana da sanyi, kuma in ta matse sai inji ya riƙa mutuwa da zarar ya ɗauki zafi. Wannan aikin makaniki ne mai ma'auni, kuma a nan ne kawai ya halatta a fara maganar buɗe inji da kashe kuɗi masu yawa. Wanda aka ce masa a sauya ringi alhali ba a duba mai da jiklar da buji ba, yana da haƙƙin ya ɗauki kayansa ya nemi wani.

Injin jirgin ruwa yana da wasu hukunce-hukunce da suka keɓanta da shi, waɗanda ɗan cin ranin da ya sami kansa a Gaya ko Yawuri ko tsibiran Cadi zai amfana da saninsu. Da yake mai bugu biyu ne, ba shi da ma'ajin baƙin mai, ana haɗa masa shi ne a cikin fetur, galibi awo 1 ga awo 50, wato rabin lita ga tanki mai lita 25, sai fa in masana'anta ta faɗi wani ƙiyasi dabam. In aka zarce, buji ya yi ta jiƙewa inji yana mutuwa a ralanti, in aka gaza kuma fistan ya kama. A kan tiyon mai akwai wata ƴar roba mai kamar ƙwai da ake matsawa kafin a tayar: in inji ya fara mutuwa aka matsa ta ya farfaɗo, famfon mai ne ya yi rauni ko iska tana shiga ta mahaɗin tiyo, in kuwa aka ga ta lotse da kanta, hanyar ta toshe daga wajen tanki. Injin da ke tsayawa lafiya amma ya mutu da zarar an sa giya, a fara ɗaga ƙafarsa a duba farfela, domin zaren koma da igiya da ciyawa sukan naɗe a gindinta. Sa'an nan kada a daidaita ralantinsa a tudu, saboda hayaƙinsa ta ƙarƙashin ruwa yake fita, nauyin ruwan kuma yana rage masa gudu, don haka wanda aka daidaita a cikin ganga yakan ci amana a kogi. A daidaita shi yana cikin ruwa, da zafinsa, da giya a ciki, jirgi kuma a ɗaure. Kada kuma a tayar da shi ko na ɗan lokaci ba ruwa, gama fiffiken robar da ke tura ruwan sanyaya shi yana ƙonewa nan da nan. Ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta bayansa shi ne shaidar lafiyar wannan fiffike, in ya ɗauke a kashe inji ba jinkiri. Tsohon injin da robobin da ke rufe bakin sandar cikinsa suka bushe yana shan iskar sata ta can, kuma ba wankin kafireta da zai warkar da shi. Jirgin da injinsa ke mutuwa yana ɗauke da rayuka, mata da yara da kayan kasuwa, don haka matuƙin da ya san da wannan aibi ya kuma ɗebi mutane ya shiga ruwa da su, ba tare da ko filafili a jirgin ba, ya ɗauki alhakin da ba shi da abin fansarsa.

Ga masu lambu na ƙasar Mayahi da Tasawa kuwa, akwai abu guda da zai kawar da galibin wannan wahala tun kafin ta zo, kuma ba ya cin kuɗi sai na baƙin mai. Ranar da aka gama ban ruwan rani, za a jingine inji a koma gonar gero, kada a kashe shi da makunni: a rufe famfon mai, a bar shi yana aiki har ya shanye abin da ke cikin kafireta ya mutu da kansa, a kwance ƙusar gindin ƙoƙo a zubar da ragowar, a juye tanki, a zubar da ruwan da ke cikin famfo, a sauya baƙin mai, a lulluɓe shi da buhu a ɗora a kan katako a cikin ɗaki. Idan kaka ta wuce, sanyi ya fara, a fito da shi mako biyu kafin a dasa albasa da tumatir, a zuba sabon mai, a cika famfo da ruwa, a tayar da shi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki, a sassauta masa wuta a saurara. In ya tsaya minti goma a kan ralanti ba tari ba hawa da sauka, a ɗora shi a amalanke a nufi lambu. In kuwa ya mutu, a kai shi wurin makaniki tun iri bai kai dashe ba.